Ranar Arfa da Hoto Ya Tsaya a Gafasa

Na yi shekaru ina hawa rufin mutane ina ɗaura eriya. Na manta gidaje da yawa da fuskoki da yawa, amma akwai ranar da ta ƙi barin raina: ranar Arfa, a farkon wata damina, a Gafasa ta ƙasar Ajingi. Har yau in na tuna ta sai ɓacin ran ya dawo mini sabo. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, gara ku ji labarin daga bakina, don na san an riga an ba ku shi a gutsure a teburin mai shayi.

A lokacin ina aiki da wani ƙaramin kamfanin intanet mai hedikwata a Kano. Ba zan ambaci sunansa ba, akwai mutanen kirki a cikinsa. Ofishinmu na shiyya yana Gaya. Intanet ɗin yana tasowa daga Kano ya sauka a babban ƙarfenmu na sabis da ke Gaya, daga nan a harba shi ta iska zuwa wani ƙaramin ƙarfe da ke Ajingi, shi kuma ya rarraba wa gidaje da makarantu da shagunan ƙauyukan da ke kewaye. Kowane gida ana kafa masa dogon bututu da ɗan farantin eriya a kai yana kallon ƙarfen Ajingi, waya ta sauko daga nan zuwa rauta, wato akwatin da ke ba da wayifai a cikin gida.

Matakan aiki uku ne a shiyya. Akwai manaja a sama. Ƙarƙashinsa akwai babban ma'aikaci, sai ma'aikatan fili, su ne masu tsani da igiya. Manaja da babban ma'aikaci kaɗai ake ba lambar sirrin shiga na'urorin da ke kan ƙarfe. Ma'aikacin fili iyakarsa gidan kwastoma, abin da ke faruwa a ƙarfe ba ya gani. Sannan akwai wata doka: in gida ɗaya ya kawo ƙorafi iri ɗaya sau uku, ana ba wanda ya yi haɗin takardar tuhuma, in manaja bai gamsu da amsarsa ba ya dakatar da shi. Kujerar babban ma'aikaci ta daɗe babu kowa a kanta a shiyyarmu. Ni aka ba, kuma lambar sirrin ba ta fi kwana uku a hannuna ba sanda abin nan ya faru.

Wanda ya cancanci kujerar, in gaskiya za a bi, Malam Isiyaku ne, mutumin Kademi. Shi ya koya mini aiki tun zamanin da dish kawai muke ɗaurawa. Ya haura hamsin, amma yana hawa bututu ba ya haki, kuma in ya matse kan waya ba ka sake taɓa ta. Takardar difloma ce ba shi da ita, shi ya sa ya tsufa yana ma'aikacin fili, mu da ya koya wa muna ta wuce shi.

Gidan da aka yi rigimar a kansa gidan malamai ne. Maigidan, Malam Hamisu, wanda kowa ke ce wa Malam Babba, ya daɗe yana karantar da Alƙur'ani a Gafasa, dattawan garin da yawa a gabansa suka sauke. A shekarar ya biya kujerar Makka, ya yi bita, ya yi allurai, har an ɗinka masa kayan alhazai. Saura 'yan watanni a fara jigila sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Ɓangaren dama ya daina motsi, magana ta yi nauyi. Ƙanensa, wanda ya riga ya sauke nasa faralin, shi ya tafi a madadinsa. 'Ya'yan suka ga abin da ya rage da za su iya yi masa shi ne su kawo masa Makka har ɗaki. Suka sa sola, suka sayi talabijin mai shiga intanet, suka nemi kamfaninmu, don ya riƙa kallon tashar da ke nuna Harami kai tsaye, makarantar Islamiyyar da ke gidan ma ta amfana. Malam Isiyaku aka tura ya yi haɗin.

Sati uku abin yana tafiya lafiya, sai hoto ya fara tsayawa.

Bari in yi bayani don waɗanda ba su daɗe a sana'ar ba. Talabijin mai intanet ba ya nuna hoto da zarar ya iso. Yana tara 'yan daƙiƙoƙi a gaba tukuna, yana nunawa yana ƙara tarawa. In abin da ke shigowa bai kai abin da yake nunawa ba, sai ajiyar ta ƙare, hoto ya daskare, ɗan zoben nan ya fito tsakiyar allo yana juyawa. Mutane suna cewa yana lodi, mu a bakin aiki bafarin muke cewa. Abubuwa da yawa suna kawo shi, shi ya sa ba a yi masa shaci-faɗi. Aunawa ake yi.

Sau uku Malam Isiyaku ya koma Gafasa. Ya canja waya, ya canja rauta, ya hau ya sake saita eriya. Kowane zuwa yana rubutawa a takardar ƙorafi cewa bai ga matsala a gidan ba, a duba ƙarfe. Manajanmu, Oga Nura, bai duba ba. Sai ya kira babban ɗan gidan, Malam Nafi'u, ya ce masa talabijin ɗinsu ne ba mai kyau ba. Mutanen nan suka je Kano suka sayo wani. Hoto bai daina tsayawa ba. Da suka sake kira, sai ya ce musu to ai wanda ya yi haɗin ne bai iya aiki ba, za a hukunta shi. Ranar kasuwar Ajingi Malam Nafi'u ya haɗu da Malam Isiyaku a layin 'yan hatsi, ya tsare shi gaban mutane ya kira shi macuci, ya ce ya ji tsoron Allah, da tsoho marar lafiya yake cin abinci. Washegari takardar tuhuma ta fito, bayan kwana biyu aka dakatar da shi.

Ana gobe Arfa Oga Nura ya kira ni ofishinsa da safe ya miƙo mini takardar gidan. Wurin da ake rubuta musabbabin matsala, wanda ma'aikacin da ya je ya gani yake cikewa, an riga an cike shi: eriya ta karkace saboda haɗin farko ba shi da kyau.

Ya ce, "Ka je ka ɗan juya musu eriyar nan, ka sa hannu, a rufe maganar kafin Sallah."

Na ɗauki jakata na hau babur.

Malam Nafi'u ya tare ni a zaure, ya amsa gaisuwata a taƙaice. "Zuwanku na huɗu ke nan ko na biyar? Na daina ƙirga ku."

Na ce, "Malam, ka ba ni awa biyu. In na ga abin zan gaya maka, in ban gani ba ma zan gaya maka."

Ya shigar da ni ɗakin mahaifinsa. Tsohon yana jingine da matasai, carbi a hannun hagu, hannun dama yana ajiye a kan cinya kamar ba nasa ba. Na durƙusa na gaishe shi, "Allah gafarta Malam, ya jiki?" Ya gyaɗa kai. A talabijin ana ɗawafi, ana karatu a bayan hoton. Ban yi minti ɗaya da zama ba sai hoton ya daskare, mai karatun ya tsaya a tsakiyar aya, zobe ya fito. Sai na ji Malam Babba ya ɗauko ayar daga inda aka tsaya, da harshen nan mai nauyi, har ya kai ta ƙarshe. Malam Nafi'u ya ce mini haka yake yi kullum, ba ya iya barin aya a rataye, kuma in an wuni ana haka sai muƙamuƙinsa ya yi ciwo.

Ƙa'idar aikin ita ce ka fara daga inda kwastoma yake gani, ka riƙa ja da baya mataki-mataki. Na fara da talabijin. Na kashe na kunna, na share abin da manhajar ta tara, na rage ingancin hoton zuwa mafi ƙanƙanta. Ya ci gaba da tsayawa. Na kunna tashar a wayata ta wayifai ɗin gidan, ita ma ta tsaya, ka ga an wanke talabijin ke nan, na farkon ma da aka sa su suka canja ba shi da laifi. Na duba ko mutane sun yi yawa a kan wayifai. Wayoyi biyu ne kawai, na cire su, babu abin da ya canja. Rautar tana ɗakin da talabijin yake, babu bango tsakaninsu, duk da haka na ajiye wayifai gefe na jona kwamfutata da waya kai tsaye. Gidan an yi musu alkawarin gudun intanet mega goma. Na auna sau goma sha biyu, ban taɓa ganin ya kai biyu ba, wani lokacin ma rabin ɗaya.

Na dasa tsani na hau. Na bi wayar da hannu tun daga ƙasa har sama, babu tsaga, babu inda ruwa ya shiga, kowane kai an naɗe shi da roba yadda Malam Isiyaku ya koya mana. Eriyar tana kallon Ajingi daidai. Na auna ƙarfin sigina, ban taɓa ganin wanda ya fi shi kyau a ƙauyukan nan ba. Ko da taɓa ta na yi, ɓata ta zan yi.

Na sauko na ce wa Malam Nafi'u, "Babu abin da ya samu gidanku. Aikin da aka yi muku mai kyau ne. Hanya a buɗe take, abin da ake turo muku ne ba ya isa."

Ya dube ni. "Ogan naku ba haka ya ce ba."

"Na sani. Zan je ƙarfe in dawo."

A Ajingi na buɗe akwatin da ke gindin ƙarfe, na jona kwamfuta, na sa lambar sirrina karo na farko. Batura lafiya, layin da ke zuwa daga Gaya lafiya. Sai na buɗe jerin waɗanda ke kan na'urar da ke kallon ɓangaren Gafasa. Kowane layi yana da sunan mai shi da lambar rajista. Ɗaya ne babu suna babu lamba, an rubuta masa "gwaji" kawai. Ba a sa masa iyaka ba, kuma an saita shi ya riƙa shiga gaban kowa. Shi kaɗai yake shanye kusan duk abin da na'urar ke iya ɗauka, ba ya tsayawa ko na minti ɗaya, sauran gidajen suna rabon abin da ya bari. Na duba ranar da aka ɗora shi. Ta zo daidai da satin da hoto ya fara tsayawa a gidan Malam Babba.

Na'urar tana nuna nisan kowane layi daga ƙarfe. Na bi hanyar Gafasa a hankali ina duba sama, har na hango farantinmu a kan wata gonar kaji mai katanga, kyamarori a kowace kusurwa. Na yi sallama da maigadin, wani dattijo mai fara'a, na ce daga kamfanin intanet nake.

Ya ce, "Sannu da zuwa. Ai ogan naku da kansa ya zo ya ɗaura, gonar surukinsa ce. Alhaji yana Kano yana ganin kajinsa a waya, ko ruwa muka makara ba mu zuba ba sai ka ji kira."

Na ƙirga kyamarori goma sha shida. Duka suna tura hoto Kano ba dare ba rana, a kan layin da ba a yi wa rajista ba. Don wani ya kalli kaji aka hana tsohon malami jin karatu, aka sa 'ya'yansa suka sayi abin da ba su buƙata, aka kuma raba dattijo da aikinsa. Da an gaya musu gaskiya tun ƙorafin farko, da ko dish suka ɗaura masa ya huta.

Daga bakin gonar na kira Oga Nura.

"Oga, na gano abin da ke damun gidan Malam Babba. Ba a gidan yake ba, a ƙarfe yake."

"Na ce ka je ƙarfe?"

"Aunawa ce ta kai ni. Akwai layi marar rajista da ke shanye komai. Yanzu haka a ƙofar gonar nake."

Ya ce, "Bashari, kwana nawa da ba ka kujerar nan?"

"Uku."

"To ka bi a hankali. Layin gwaji ne, ni na san da shi. Ka koma ka juya eriyar tsohon nan, ka sa hannu a takardar da na ba ka."

"Eriyar ba ta karkace ba, Oga. In na ce ta karkace, Malam Isiyaku ne zai tafi."

"Isiyaku dama ya tsufa da aikin nan. Su kuma ka ce musu hadari ne, ai damina ce. Mutanen ƙauye me suka sani?"

Ni ɗan ƙauye ne, kuma ya san haka. Na ce masa sai anjima, na kashe wayar, don in na ƙara kalma ɗaya ba za ta yi daɗi ba.

A littafin dokokin kamfani, babban ma'aikaci yana da ikon takura duk layin da ba shi da rajista na tsawon kwana biyu. Yanke shi gaba ɗaya kuwa sai da izinin hedikwata. Na koma ƙarfe na yi abin da nake da iko a kai: na sa wa layin gonar iyaka, na sauke shi daga gaban kowa. Na ɗauki hoton allon kafin da bayan, na rubuta rahoto na tura wa Oga Nura, na kuma tura kwafi ga shugabar sashen fasaha a Kano, Injiniya Halima. Da la'asar na koma Gafasa na auna, mega goma cif. Muka zauna muka kalli talabijin minti arba'in bai ko ƙifta ba. Na gaya wa Malam Nafi'u duk abin da na gani ban rage komai ba. Sai ya tambaye ni, "Wato Malam Isiyaku ba shi da laifi?" Na ce ba shi da shi. Ya roƙe ni in dawo gobe in zauna da su, hankalinsa zai fi kwanciya.

Da asuba aka yi ruwa. Na isa gidan wajen ƙarfe tara, ɗakin ya cika, tsofaffin ɗaliban Malam a kan tabarmi, matan gidan daga bakin ƙofa bayan labule, kusan kowa yana azumi. An yi wa Malam Babba wanka an sa masa farar riga. Allon ya cika da fararen harami, mutane kamar ba za su ƙare ba, kuma wani wuri a cikinsu ƙanensa yana tsaye a madadinsa. Agogon can ya riga namu da awa biyu, saboda haka huɗuba tana kamawa wajen goman safe a nan.

Liman ya hau mumbari, ya yi godiya ga Allah, ya fara. Bai yi minti uku ba hoto ya daskare, zoben ya fito.

Duk ɗakin aka juyo ana kallona. Na auna, rabin mega. Na rage ingancin hoto, bai taimaka ba. Na gwada jona talabijin da datar wayata, sabis ɗin waya a ɗakin sanda ɗaya ne, yana zuwa yana ɗaukewa. Huɗuba ba aya ba ce da Malam Babba zai ƙarasa da kansa. Idonsa kawai ya zuba wa zoben nan. Na ce wa Malam Nafi'u ina zuwa, na fita da gudu.

Hanya ta yi laka, sau biyu na sauka na tura babur. Da na jona a ƙarfe sai na tarar an cire iyakar da na sa, an mayar da layin gonar gaban kowa. Na'urar tana ajiye sunan duk wanda ya taɓa ta da lokacin da ya taɓa. Sunan Oga Nura ne, daga ofishin Gaya, 'yan mintuna bayan goma. Daga baya na ji surukin ne ya kira shi yana faɗa wai hoton kaji ya yi dishi-dishi tun jiya, ga shi gobe Sallah, masu saye suna ta shige da fice. Oga Nura ya san ranar da ake ciki, ya san wanda ke kwance a Gafasa, don rahotona yana gabansa. Duk da haka ya danna.

In na mayar da iyakar zai sake cirewa. Na kira Injiniya Halima sau uku ba ta ɗauka ba, tana hanyar garinsu yin Sallah. A na huɗu ta ɗauka.

"Wa ke magana?"

"Bashari ne daga Gaya, ranki ya daɗe. Na turo miki rahoto jiya."

"Ban buɗe ba, ina tuƙi. Ba zai jira bayan Sallah ba?"

"Ba zai jira ba. Akwai tsoho marar lafiya da aka tafi yi wa Hajji, ana huɗubar Arfa yanzu, an hana shi ji."

Ta ce in dakata. Na ji ta faka a gefen titi. Minti goma ina tsaye a gindin ƙarfe ina kallon agogo, sannan ta kira. "Na ga hotunan. Ka yanke layin, na ɗauki nauyi. Na rufe lambar Nura daga nan, ba zai iya shiga ba sai na dawo."

Na yanke, na kama hanya. Kafin in isa Gafasa hoto ya dawo, amma an gama huɗuba, an idar da salla. Ina shiga na ji Malam Babba yana tambayar ɗansa da ƙyar, "An gama?"

"An gama huɗuba, Baba. Amma ana nan a tsaye har faɗuwar rana."

Daga nan har wajen biyar na yamma, sanda rana ta faɗi a can, hoton bai sake tsayawa ba. Da alhazai suka ɗaga hannuwa shi ma ya ɗaga na hagu, Malam Nafi'u ya tallafo masa na dama ya riƙe. Haka suka daɗe. Na fita na zauna a zaure, don ban ga ya dace in tsaya ina kallo ba.

Za ku ce ai ana iya sake kallon huɗuba daga baya. Mun kunna masa ita bayan Sallah, ya saurara har ƙarshe. Ya ce wa ɗansa ya gode, amma so ya yi ya ji ta a lokacin da ƙanensa yake jin ta. Bai kai wata Arfar ba, Allah ya jiƙansa.

Ga yadda kamfani ya ƙare maganar. An kafa kwamiti na mutum uku, har da Injiniya Halima. Oga Nura ya ce gwajin nisan zango yake yi, ya manta ne bai shigar a takarda ba. Aka yi wa gonar rajista, aka ba ta layinta daban. Shi kuma aka mayar da shi hedikwata, kusa da gidansa, abin da ya daɗe yana nema. Aka ɗage dakatarwar Malam Isiyaku, amma takardar tuhumar aka bar ta a fayil ɗinsa, wai ba a cire abin da ya riga ya shiga. Babu wanda ya kira shi ya ce yi haƙuri. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi, laifina na tsallake shugabana na kai ƙara sama. Injiniya Halima ta ƙi sa hannu a kanta, amma mutum biyu sun rinjayi ɗaya.

Wanda ya yi abin da ya kamata Malam Nafi'u ne, wanda aka yaudara. Ya sa na kai shi Kademi, muka tarar da Malam Isiyaku a gona yana noman farko. Malam Nafi'u ya cire hula ya ce, "Baba, na zalunce ka. A kasuwa na ci mutuncinka, a kasuwa zan ba ka haƙuri." Malam Isiyaku ya jingina fartanya ya ce, "Abin da aka gaya maka ka ɗauka, kuma mahaifinka ne a kwance. Ya wuce. Ya jikin Malam?" Duk da haka ranar kasuwa Malam Nafi'u ya je layin 'yan hatsi ya faɗi gaskiyar abin da ya faru gaban mutane. Malam Isiyaku ya dawo aiki, ya yi har kaka, sannan ya ajiye. Ya ce mini ba zai iya hawa tsanin kamfanin da ya rubuta cewa bai iya aiki ba. Yanzu sola yake haɗa wa mutane a ƙasar Gaya.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, a sana'armu wanda yake gani a ƙarfe ba shi ne yake shan zagi a zaure ba. Kwastoma fuskar mai tsani ya sani, shi zai kama, kuma in na sama ba shi da tsoron Allah, mai tsanin zai miƙa masa. Shi ya sa tun da na samu iko, duk ma'aikacin filin da ke ƙarƙashina yana iya leƙa abin da ke kan ƙarfe, ko da ba zai iya canja komai ba, kuma ba na ba kowa takardar tuhuma sai na je gidan da ƙafata na auna. Ku ma ku auna, daga talabijin har ƙarfe, kada ku tsaya a inda aka ce ku tsaya. In kun ga laifin namu ne, ku gaya wa mai gidan namu ne.

Akwai abu ɗaya da ban cika faɗa ba. Safiyar da Oga Nura ya miƙo mini takardar nan a cike, sai da na zaro biro daga aljihu. Na so in sa hannu tun a ofis, don in na gama a Gafasa in wuce gida kai tsaye in yi shirin Sallah. Ban yi tunanin Malam Isiyaku ba, ban yi tunanin komai ba, sauri kawai nake yi. Wayar Oga ce ta yi ƙara ya ɗaga mini hannu in tafi, na mayar da biron na fita. Mutumin da ya koya mini riƙe sukundireba, da hannuna na kusa korar sa, ban ko je na duba ba.